Ya San Wuta, Ya Kuma Taka

Ɗana na biyu yana da shekara 15 ya karya hannu. Katanga ya hau, mai tsayin da ya kusa ninka nasa, ya diro, saboda abokansa huɗu suna tsaye a ƙasa suna kallo, ɗayansu ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Muna zaune a bencin asibiti muna jiran a kira mu ɗaukar hoton ƙashi, hannun ya kumbura ya yi suntum, na yi masa tambayar da duk wani uba zai yi.

"Kai, wai tunanin me ka yi?"

"Wallahi Baba ban yi tunanin komai ba."

"Ba ka san za ka iya karyewa ba?"

"Na sani mana."

Na rasa ta cewa. Da ya ce bai sani ba, da na samu abin yi, in zaunar da shi in karanta masa. To amma wata guda kafin ranar, da kunnena na ji shi yana korar ƙaninsa daga gindin wannan katangar, yana ce masa in ya faɗo ƙafarsa ce za ta tafi. An ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Nawa ya san wuta sarai, har yana gargaɗin wasu a kanta, sannan ya je ya taka.

Tun daga ranar nake bibiyar abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka gano game da yara da matasa, kuma ga inda na tsaya. Yawancin abin da muke kira rashin ji, ko kunnen ƙashi, ko lalacewa, a wajen ɗan shekara 13 zuwa 20, ba daga ƙarancin sani yake fitowa ba. Sanin yana nan. Abin da bai gama ginuwa ba shi ne ikon riƙe kai a daidai lokacin da jini ya ɗau zafi. Mu kuwa manya, iyaye da malamai da masu tsara doka, mun zuba kusan duk ƙarfinmu wajen ƙara masa sanin da ya riga ya mallaka, da faɗa da nasiha da bulala, mun bar inda ciwon yake muna ta shafa magani a gefe.

Jariri yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwar da nauyinta bai wuce giram 350 zuwa 400 ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na ta babba. Kafin ya cika shekara 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman da za ta yi. Wannan adadin ya daɗe yana yaudarar mutane, har da masana, suka ɗauka aiki ya ƙare tun yaro yana firamare. Amma gini ya kai rufi ba shi ne an ja masa wayar wuta ba.

A 1979 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Jami'ar Shikago, Peter Huttenlocher, ya fitar da sakamakon wani aiki na masu haƙuri. Ya riƙa ƙirga mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu, tun daga jarirai har tsofaffi. Abin da ya gani ya saɓa wa tsammani: a sashen gaba na ƙwaƙwalwa, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ya fi babban mutum yawan mahaɗai, da wajen rabi. Ashe girma ya haɗa da ragi. Ƙwaƙwalwa takan shimfiɗa hanyoyi fiye da buƙata, sannan ta zuba ido ta ga waɗanda ake bi. Wadda ake bi kullum ta zama turba, wadda aka daina bi ciyawa ta rufe ta. Turbobin da suka tsira kuma a hankali ake lulluɓe su da wani farin kitse, mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, don saƙo ya riƙa gudu da sauri ba tare da ya zube a hanya ba. Wannan lulluɓin yana ci gaba har bayan shekara 20.

Wane ne ke zaɓar turbar da za ta tsira? Rayuwar da yaron ke ciki. David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe wa 'ya'yan kyanwa ido ɗaya a watannin farko na rayuwarsu, da aka buɗe sai idon ya zama ba ya gani, alhali lafiyarsa ƙalau. Ƙwaƙwalwa ce ta ba ɗaya idon wurinsa. Da aka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Aikinsu a kan gani ya ba su kyautar Nobel a 1981.

Irin wannan ya faru da 'yan Adam, ba a ɗakin gwaji ba, a hannun gwamnati. A 1966 Nicolae Ceaușescu ya haramta zubar da ciki a Romaniya don ƙara yawan jama'a, talauci kuma ya sa iyaye suka riƙa miƙa wa hukuma 'ya'yan da suka kasa riƙewa. Da mulkinsa ya faɗi a Disambar 1989, aka tarar da yara sama da 100,000 a gidajen marayu. Mace ɗaya ke kula da jarirai goma ko fiye. Ana ciyar da su, ana wanke su, amma babu mai ɗaukarsu, babu mai kallon idonsu ya yi musu magana. Waɗanda suka shiga ɗakunan sun ce abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne shiru: jarirai jere a gadaje, ba mai kuka, don sun koyi cewa kuka ba ya kawo kowa. Daga shekarar 2000 wasu masana uku, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka bi yara 136 a Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka fitar sun fi waɗanda aka bari a fahimta da magana da shaƙuwa da mutane, waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2 kuma su ne suka fi farfaɗowa.

Abin da yaran nan suka rasa ba ya cin kuɗi, shi ya sa ba ma ganin darajarsa. Jariri ya yi gwaranci, uwa ta amsa. Ya nuna abu da yatsa, wani ya faɗa masa sunansa. A shekarun 1970 Edward Tronick ya sa iyaye mata su yi wasa da jariransu, sannan su ɗaure fuska tamau na minti biyu ko uku, ba murmushi ba magana. Jaririn zai yi dariya don ya jawo ta, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, da ya ga ba amsa sai ya kau da kai ya ɓarke da kuka. Duk lokacin da na ga uwa ko uba sun kafe waya da ido, yaro yana jan rigarsu, wannan fuskar nake tunawa. Ni ma na sha yi, ba wai ina wanke kaina ba ne.

Ɗauki ɗan shekara 3 da ya kwanta a ƙasa yana birgima don an sa masa takalmi alhali shi yake so ya sa da kansa. Ka cire takalmin ka ba shi, ya ƙara sautin kuka, don yanzu kuma an cire. Za ka ji babba yana cewa yaron nan da gangan yake yi, so yake ya juya mu. Ai juya mutum sai da shiri, shiri kuma aikin sashen da bai tashi ba ne tukuna a kansa. Fushi ya cika shi, ba shi da abin da zai sauke shi da shi. Natsuwar babban da ke kusa ita ce yake ara, yau ya ara, gobe ya ara, sau dubbai, har tasa ta ginu. Idan babban ma ihu yake yi, yaran sun zama biyu a ɗakin.

Sai a ƙarshen ƙarnin da ya wuce aka samu damar kallon ƙwaƙwalwar yaro mai rai tana girma. Jay Giedd da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka suka riƙa ɗaukar hoton kan wasu yara, su ɗin dai, da na'urar MRI duk bayan kamar shekara biyu. Rahotonsu na 1999 da wanda ya biyo baya a 2004 sun nuna cewa ƙwaƙwalwa daga ƙeya take fara kammala ginuwa, ta nufo goshi. Sassan gani da ji da motsi su ne ke riga kammala. Na ƙarshe shi ne wanda ke bayan goshi, mai auna abin da zai biyo baya, mai tsara gobe, mai cewa dakata.

An daɗe da sanin aikin wannan sashen ta hanyar waɗanda suka ji rauni a wurin. A 1848 wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a jihar Vermont, Phineas Gage, yana danna albarushi a ramin dutse sai albarushin ya tashi, sandar ƙarfe mai tsayin sama da mita ɗaya ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta tsakiyar kansa. Bai mutu ba, bai manta magana ko lissafi ba. Amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai zagi, marar haƙuri, mai shirya abu ya watsar, har abokansa suna cewa wannan ba Gage ba ne. Ba ina cewa matashi mai rauni ne a ka ba. Ina nuna cewa sani da riƙe kai ba a ɗaki ɗaya suke kwana ba, ana iya samun ɗaya ba ɗaya.

Da a ce komai tare yake jinkiri, da da sauƙi. Matsalar ita ce da balaga ta kankama, sassan da ke can ciki, masu jin daɗin lada da sabon abu da yabon tsara, sukan farka da ƙarfinsu gaba ɗaya. Sinadarin dofamin, mai sa mutum ya bi abin da ransa ke so, yana aiki a wannan shekarun fiye da kowane lokaci. Doki ya ƙoshi ya yi ƙiba, linzami kuwa yana maƙera.

Gwajin da ya fi ba ni amsar abin da ya faru a kan katanga shi ne na Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Filadelfiya, a 2005. Wasan tuƙin mota ne a kwamfuta. Fitilar hanya ta koma ruwan ɗorawa, ko ka tsaya, ko ka ci gaba ka ƙara maki amma kana iya yin karo. Suka gwada 'yan shekara 13 zuwa 16, da 'yan 18 zuwa 22, da manya, wani lokaci mutum shi kaɗai, wani lokaci da tsaransa biyu a gefe. Su kaɗai, matasan ba su fi manya ganganci da wani abin kirki ba. Da aka kawo abokai, gangancin ƙananan ya ninka, na manya bai motsa ba. A 2011 aka maimaita a cikin na'urar MRI, abokan suna wani ɗaki suna kallo ta allo, ba su da bakin zuga kowa. Sanin cewa ana kallo kawai ya isa ya kunna sashen lada a ƙwaƙwalwar matashin. Har ɓeraye aka gwada: matasan ɓeraye sun fi shan barasa idan suna tare da tsaransu, manyan ɓeraye ko a jikinsu. Ɓera dai ba ya kallon fim, ba shi da waya, ba wanda ya ɓata masa tarbiyya.

Na san wani zai ce wannan labarin yaran Turawa ne da aka sangarta. Steinberg da wasu sun gwada mutum sama da 5,000, 'yan shekara 10 zuwa 30, a ƙasashe 11, ciki har da Kenya da Jodan da Indiya da Sin da Kolombiya. Al'ada tana canza yadda abin ke fitowa, amma tsarin ya yi kama a yawancinsu: son sabon abu da kasada yana kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun goma sha, riƙe kai yana ta hawa a hankali har cikin shekarun ashirin. Tunani cikin natsuwa kuwa, irin na zama a auna hujja, a wajen shekara 16 ya kai na babba. Shi ya sa ɗanka zai kayar da kai a muhawara da safe, da yamma ya yi abin da ɗan shekara 7 zai yi mamaki.

Ban ma ɗauki wannan a matsayin nakasa ba. Halittar da za ta bar gindin iyayenta ta nemi abokai da sana'a da abokin zama, dole a sa mata son fita da ƙarancin tsoro, in ba haka ba ba za ta taɓa fita ba. Zafin da ya hau da ɗana katanga shi ne ke sa matashi ya koyi harshe cikin wata shida, ya kwana yana gyaran inji, ya tsaya wa wanda aka zalunta lokacin da manya suka sunkuyar da kai.

To idan haka ne, dubi yadda muke kashe ƙarfinmu. A shekarun 1970 aka fara wani shiri a wani gidan yari a jihar New Jersey: a kwashi yaran da suka fara ɗauke-ɗauke a kai su gaban fursunoni masu ɗaurin rai da rai, su yi musu tsawa, su kwatanta musu azabar da ke jiransu. Kowa ya yaba, wurare da yawa suka kwaikwaya. Da aka tattara gwaje-gwaje tara da aka yi a kan irin wannan shiri, sai aka ga yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba komawa ga laifi. Tsoratarwa tana magana ne da yaron da ke zaune a natse, shi kuwa wannan yaron da ma ya yarda da kai. Wanda zai yi ɓarnar wani ne daban, mai fitowa da dare cikin abokai, kuma bai halarci zaman ba.

Kwatanta da abin da New Zealand ta fara a 1987, wasu ƙasashe suka bi: lasin tuƙi mataki-mataki. Sabon direba matashi zai yi tuƙi, amma ban da tsakar dare, ban da ɗaukar tsaransa, sai ya yi wani lokaci. Ba a yi masa wa'azi ba, an cire abokai da dare daga cikin motar ne kawai, haɗurran matasa kuma suka ragu a wuraren da aka bi wannan tsari. Irin tunanin da nake so mu ɗauka ke nan a gida da makaranta. Ka rage tambayar me zan faɗa masa, ka ƙara tambayar a ina yake, da wa, ƙarfe nawa, me ke hannunsa.

Barci ma haka. Na yi shekaru ina kiran babban ɗana malalaci don ba ya tashi da safe. Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ta nuna cewa da balaga agogon jiki yakan ja baya: sinadarin melatonin mai kawo barci yana jinkirin fitowa da dare, har matashi ya kwanta ƙarfe tara idonsa biyu. Alhali yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Ka tashe shi da duku-duku, ka aika shi aji, ka ce ba ya mai da hankali, ga saurin fushi. Sashen goshin nan da bai gama ƙwari ba yana cikin waɗanda rashin barci ke fara kayarwa. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada makarantun matasa su fara darasi kafin 8:30, jihar Kalifoniya kuma ta mayar da hakan doka ga manyan makarantun sakandare, ta fara aiki a 2022. Ba kowace makaranta za ta iya ba, na sani. Amma kowane gida zai iya raba waya da ɗakin kwana. A gidana duk wayoyi a falo suke kwana, har da tawa, don da na ce tasu kaɗai ba a yi kwana uku ba dokar ta mutu.

Maganar duka ita ce inda nake rabuwa da abokaina da yawa. Hujjarsu ɗaya ce: mu ma an doke mu, ga mu mun zama mutane. Ina ce musu waɗanda aka doka suka lalace ba sa zama a inda muke wannan hirar. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000, ba su samu alamar cewa duka yana gyara hali ba, sai dai ya zo tare da ƙarin faɗa da ƙarin damuwa. Ana iya cewa ai yaro mai ƙiriniya shi ake duka tun farko, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ko ba adadi, duba yadda abin ke aiki. Tsoro yana tsayar da yaro nan take, shi ya sa muke ganin kamar ya yi magani. Amma ƙwaƙwalwar da ke cikin firgici ba ta auna dalili, neman tsira take. Darasin da yakan zauna shi ne kada a kama ni. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma mai tanƙwara icce a hankali yake bi, yana ɗaurewa yana jira. Wanda ya sa ƙarfi lokaci ɗaya karya shi yake.

A kotu abin ya fi muni, don can kuskuren shekara 16 yakan zama hukuncin rayuwa. Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin kisa ga wanda ya yi laifi kafin ya kai 18 a 2005, a 2012 kuma ta hana a wajabta musu ɗaurin rai da rai ba damar fita, kuma binciken girman matasa yana cikin abin da aka gabatar mata. A Ingila har yanzu ana iya gurfanar da ɗan shekara 10, alhali kwamitin kare haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawara a 2019 kada a sauko ƙasa da 14. Masu nazarin laifuka sun daɗe da sanin cewa aikata laifi yana hawa a shekarun goma sha, ya sauko da kansa a shekarun ashirin. Terrie Moffitt ta bayyana a 1993 cewa mafi yawan matasan da ke karya doka za su daina, 'yan kaɗan ne ke ɗorewa. Ka ɗauki wanda zai daina ka kulle shi shekaru da waɗanda ba za su daina ba, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi kwasar halin na kusa da ita. Zama da maɗaukin kanwa ai an san abin da yake kawowa. Hali zanen dutse ne, in ji masu magana, amma a shekara 16 dutsen bai bushe ba.

Akwai kuma yaron da ba ƙiriniya yake ba, ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin ko a wajen shekara 14. Yarinyar da ta daina cin abinci ta kulle kanta a ɗaki wata biyu, ko yaron da ya daina wanka ya daina magana, ba tashen balaga ba ne da za a ce zai wuce.

Duk da haka ina jin tsoron yadda wannan ilimin ke zama abin fakewa. Yanzu kowa ya haddace cewa ƙwaƙwalwa ba ta kammala sai shekara 25, ana faɗa kamar ranar da mutum ya cika 25 ake miƙa masa makullin hankali. Babu wannan ranar. Wani ɗan 17 ya fi wani ɗan 40 riƙe kai, ƙwaƙwalwa kuma ba ta daina canzawa: a 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasi na Landan, manya da suka haddace titunan birnin, sashen tuna hanya ya fi girma a kansu, kuma gwargwadon shekarun da mutum ya yi yana aikin. Haka masu cewa shekara uku na farko su ne komai suna sa iyayen da suka makara su yanke ƙauna ba gaira ba dalili. Shi kansa Gage daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ba ya yiwuwa sai da tsari da haƙuri.

Mafi muhimmanci, ka tuna turbar da ake bi ita ke tsira. Riƙe kai ma turba ce. Matashin da ba a taɓa ba shi amana ba, ba a taɓa barinsa ya yanke shawara ya ɗanɗana sakamakonta ba, zai kai 30 da linzamin da ba a taɓa ja ba. Don haka ban yarda da mai cewa a ƙyale su yara ne ba, kamar yadda ban yarda da mai bulala ba. A ba shi nauyi na gaske, wanda in ya faɗi zai ji zafi amma ba zai mutu ba, a kuma tsaya kusa. Ɗana bai tsira daga hukunci ba don na karanta Steinberg. Da hannun ya warke, shi ya ɗauki aikin raka ƙaninsa makaranta da dawo da shi har ƙarshen zango, ranar da ya makara kuma shi ya je ya yi wa malamin bayani da bakinsa.

Bana ya cika 18, ya koyi mota, kuma ya fi ni iya ajiye ta a matsattsen wuri. Na ce masa zai iya ɗauka shi kaɗai, ko da mahaifiyarsa, ko da ni, amma shekara guda ba zai ɗauki aboki ko ɗaya ba, kuma kafin tara na dare makulli ya dawo kan ƙusa. Ya ɓata rai.

"Baba, wato har yanzu ba ka yarda da ni ba."

"Kai na yarda da kai. Ku biyar ɗin ne ban yarda da ku ba."

Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya kalli wuyan hannunsa na hagu, wanda har yanzu yakan yi masa tsami in an yi sanyi, ya ɗauki makullin ya fita. Ƙarfe tara saura minti huɗu na ji ƙarar motar a ƙofar gida.